Akuyar Inna da Hotunan Ƙauyenmu

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida a nan Kurudu ina ɓarar agushi, sai jikata ta ɗaga wayarta ta ɗauke ni hoto har sau bakwai kafin in gama gyara ɗankwali. Ta duba, ta taɓe baki, ta share shida da ɗan yatsa, ta bar guda. Na ce, "Ke kuwa, ina kika kai sauran?" Ta ce, "Kaka, ba su yi kyau ba, na goge." Na yi dariya har agushin ya zube mini a cinya. Mu a zamaninmu, ka kifar da tukunyar miya ranar suna ya fi sauƙi a kan ka ɓata hoto guda. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni dai ina jin daɗin bana, alhamdu lillahi. Ga famfo a ƙofar ɗaki, ga injin niƙa a bakin layi, ga mota in gwiwa ta ƙi. Sai dai mutum in ya kai shekaruna, abin da ya wuce yakan shigo masa ba sallama, ya nemi tabarma ya zauna.

An haife ni a wani ƙauye a gindin duwatsu, daidai inda yau titi mai hannu biyu ya ratsa, gidajen gilashi suka tsaya dama da hagu. Ba zan faɗi sunansa ba, don sunan ma an ɗauke shi an liƙa wa wata unguwa da ban san kowa a cikinta ba. Babana Bahaushe ne, maƙeri, kakansa ne ya gangaro daga arewa da uwar maƙera da zugazugi ya zauna. Innata kuwa 'yar Gbagyi ce, maginiyar tukwane kamar uwarta da kakarta. A gidanmu da harshe biyu ake yi wa yaro faɗa, saboda haka ba ka da wurin ɓuya. Ba mu da agogo, kuma ba mu taɓa makara ba. Kiran sallar asuba daga ɗan masallacin bayan maƙera shi ke buɗe gari, zakaru su karɓa, sannan taɓarya ta farko ta faɗa turmi a gidan da ke kusa da rijiya. Daga nan turame su kama amsa wa juna, gida bayan gida, har kana iya gane mai daka daga jin saukar taɓaryarta. Ta Gwaggo, ƙanwar Baba, mai hanzari ce kamar ana binta da gudu, ta matar mai unguwa kuwa sai ta yi kamar ta fasa sannan ta sauka. Hantsi na ɗagawa gudumar Baba ta shiga. Ranar Lahadi a buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar kaɗanya, 'yan coci su fito da fararen kaya. Yanzu abin da ke tashe ni janareton maƙwabcina ne da hon ɗin 'yan acaɓa.

Aikina tun ina ƙarama shi ne yumɓu. Mukan tafi bakin rafi da sassafe, ni da Inna, mu haƙo shi daga wani rami da kakanninta suka fara, mai sanyi, mai ƙamshin ruwan farko. Inna ba ta ɗaukar kaya a ka. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, a cikin ƙwarya, su ce kai ya isa da nauyin tunani, ba a ƙara masa da na itace. Ni da yake rabi da rabi ce, in kafaɗa ta gaji sai in mayar ka, in na ga za ta waiwayo in sauke da sauri. A gida mu jiƙa, mu tattake da ƙafa, mu tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, don tsakuwa guda in ta ɓuya a jikin randa sai ta fasa ta a wuta. Inna ba ta da abin juyi, ita ce ke zagaya tukunyar a sunkuye, tana ja da baya, tana 'yar waƙa ta hanci. Ranar ƙona tukwane ranar fargaba ce. A jera su, a lulluɓe da kirare da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, kowa ya yi tsit yana saurare. In aka ji tas, sai mata su dubi juna, kowace na addu'ar Allah ya sa ba tata ba ce. Bayan wannan ga tsintar kaɗanya da damina, ga dafa kalwa, ga shanyar doya a kan falalen dutse kana korar awaki har rana ta faɗi. Ba mu san wai wahala muke sha ba sai da muka zo birni aka gaya mana.

Ina 'yar budurwa, na gama firamare ke nan, wasu mutane suka fara zuwa da mota mai hawa dutse, da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa da ido ɗaya. Suna kafa turaku masu jan kai a gonakin mutane, suna rubutu a littafi. Da farko abin dariya ne a wurinmu. Daga baya aka tara manya a ƙofar mai unguwa aka shaida musu cewa nan za a gina babban birnin ƙasa, mu kuma za a ba mu wani wuri. Wasu suka ce zance ne kawai, wa zai iya da waɗannan duwatsun? Baba kuwa tun daga ranar ya daina ƙera garma, ya ce wa zai yi huɗa a gonar da aka kafa wa turke. Inna ta kwana biyu ba ta taɓa yumɓu ba. Ran na uku ta dawo daga kasuwar tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ta sauke ƙwarya a ƙofar maƙera ta ce wa Baba:

"Malam, na yi magana da mai hoto. Zai zo ranar Alhamis."

"Mai hoto? Wa ke aure?"

"Ba wanda ke aure. Gari zai ɗauka."

Baba ya ajiye guduma ya dube ta. "Gari kuma? Da me za ki sallame shi?"

"Da jar akuyata."

"Mai cikin? Haba! Ana shirin ƙaura, kowa na tattalin abin da zai ci a can, ke kina ba da akuya mai ciki a kan takarda?"

Inna ta ce, "Akuya zan samu wata a can. Rijiyar nan fa, ina zan samu wata? In jikokinka suka tambaye ka daga ina kake, da baki za ka zana musu?"

Baba ya ce ai baki ya ishi kakanninmu. Ta ce kakanninmu ba a kwashe musu ƙasar da suke nunawa da yatsa ba. Baba ya koma zuga wuta da ƙarfin da ya fi na kullum.

Mai hoton wani Bayarabe ne dogo mai tabarau. Ya iso a kan keke, kyamara a wuya, da Hausarsa wadda ba ta bambanta mace da namiji. Labari ya riga shi isowa. Kafin hantsi maza sun fiddo manyan riguna masu warin ajiya, an jera benci a ƙofar mai unguwa, mata sun sha kitso da kwalli, ni ma na ɗaura zanen sallata har da 'yan kunne na aro. Mai hoto ya ce fim ɗinsa guda ne, hoto talatin da shida yake ci, daga nan sai haƙuri. Nan take mai unguwa ya fara rabo: shi kaɗai uku, shi da iyalinsa biyu, liman, fasto, kowane mai gida da nasa. Sai Inna ta fito daga cikin mata, ta durƙusa yadda ya kamata, ta ce:

"Ranka ya daɗe, a ɗauki maza gaba ɗaya a hoto guda, mata ma guda. Sauran na aiki ne. Kowa ya je ya tuɓe kwalliya ya kama abin da ya saba."

Wuri ya kaure. Wani ya ce yaushe mace ta fara tsara wa gari. Wani ya ce so take a kai mu birni a nuna mu cikin tsumma a yi dariya. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Baiwar Allah, ai mutum da rigarsa ake saninsa."

"Ranka ya daɗe, rigar za ta shiga mota ta bi mu. Abin da ba zai shiga mota ba nake so a ɗauka."

Mai hoto na tsaye yana share gumi. Ya ce, "Mama, ka yi sauri, rana yana tafiya."

Da an bar abin haka da Inna ta sha kaye, don maza sun fi yawa kuma sun riga sun sa riga. Sai ga Kaka, mahaifiyar Inna, wadda ta fi kowa tsufa a garin. Tun asuba ta kulle kanta a ɗaki, don an gaya mata hoto na ɗauke inuwar mutum, wanda aka ɗauke wa inuwa kuwa ba ya ganin wata damina. Ta fito tana dogara sanda, da tsohon zanenta na saƙi, ƙwarya a kafaɗa. Ta ratsa tsakiyar manyan rigunan nan ta tsaya, ta yi magana da Gbagyi, a hankali, yadda sai ka yi shiru za ka ji.

"Na ɓuya don an ce abin nan yana ɗauke inuwa. Ina ɗaki na yi tunani. Ƙasar da inuwata ke kwanciya a kanta ita za a kwashe. To in da gaske yana ɗaukewa, ya ɗauka ya ajiye mini inda motocinsu ba za su kai ba."

Ta taka zuwa bakin rumbunta, ta gyara ƙwarya, ta ɗaga haɓa, ta yafito mai hoto da sanda. "Kai dogo, zo ka ɗauka."

Shi ne hoto na farko. Bayansa ba wanda ya sake ɗaga murya, don wa zai yi gardama da tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke wurin? Baba ne ya fara tuɓe babbar rigarsa, ya miƙo mini, ya nufi maƙera bai ko dubi Inna ba. Mai unguwa ya samu hotonsa guda, a zaune a gindin tsamiyar da yake sasanta mutane. Daga nan Inna ta shiga gaba, mai hoto na bin ta, gari duka na bin mai hoto. Aka ɗauki rijiya da guga a sama. Aka ɗauki rumbuna, da masu daka su uku a turmi ɗaya, da falalen shanya, da masallaci, da coci mai rufin ciyawa, da maƙabarta daga nesa, da dutsen nan mai tsaga a tsakiya da muke cewa aljani ne ya sare shi. Da aka zo kaina na ƙi. Na ce da zanen sallata za a ɗauke ni ko a bari. Inna ba ta daka mini tsawa ba, ta dai ce, "Je ki canza, ki shiga yumɓu." Na shiga ina kuka. Haka hoton ya fito, ƙafafuna cikin laka har ƙauri, baki a zumɓure, 'yan kunnen aro na walƙiya don na manta ban cire ba. Na yi shekaru ina rufe shafin da tafin hannu in ana kallo. Yau da za a ce in zaɓi guda in bar sauran, shi zan ɗauka. Da la'asar mai hoto ya sa akuya a kwando ya ɗaure a bayan keke, ya tafi tana kuka har ya sha kwanar dutse.

Bayan sati uku ya dawo da wani kundi mai baƙin bango, shafukansa baƙaƙe masu kauri, tsakanin kowane biyu da 'yar takarda shara-shara mai ƙara in an juya. Albam ya kira shi. Ya ce wa Baba, "Oga, ka rubuta sunan kowa a baya." Baba ya yi dariya ya ce, "Wa zai manta da ɗan'uwansa?" Ni ce mai biro a gidan, ni ma na taya shi dariya. Ba mu rubuta ko harafi ba.

Kaka ba ta ga ƙaura ba, ta rasu kafin a cire doya. Wasu suka ce ai ga shi nan, hoto ya ci ta. Inna ta ce to mu da aka ɗauka tare da ita me ya hana mu bin ta? Sannan manyan motoci suka zo. Wurin da aka kai mu bai riƙe mu ba. Ƙasarsa ba ta karɓi doya ba, yumɓunsa yashi ne, duk tukunyar da Inna ta gina sai ta tsage tun kafin wuta. Mutane suka watse kamar tsintsiyar da aka kwance, wasu Gwagwalada, wasu Karu, wasu suka shiga leburancin ginin birnin da ya tashe su. Roba ta zo ta kashe randa. Baba ya koma walda, ya ce wuta dai wuta ce. Kundin nan kuwa yana cikin adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadon Inna, da kafur da busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Duk rani sai ta fiddo shi ta buɗe a inuwa ya sha iska. Akwai shekarar da ruwa ya shigo mana ɗaki har gwiwa, ta fito da adakar a kafaɗa ta bar buhun masara. Da ta rasu ya dawo hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, ban kula da shi kamar ita ba. 'Ya'yana sukan juya shafi biyu su ce hoton ba kala. Ni ma hidimar duniya ta ɗauke ni, har aka yi shekaru ban buɗe adakar ba.

Bara ne jikar nan tawa ta dawo daga makaranta ta wuce ɗaki ko sallama babu. Da na matsa mata sai ta ce an sa kowa ya tashi ya faɗi garinsu na asali. Wannan ya ce Kafanchan, wannan Lafiya, wancan Katsina. Ita ta ce Abuja. Malamar ta ce ta sake tunani, ba wanda ya fito daga Abuja, daji ne kafin gwamnati ta zo. 'Yan aji suka kwashe da dariya, kafin a tashi har sun raɗa mata suna 'yar daji.

"Kaka, da gaske ne mu ba mu da gari?"

Na durƙusa da gwiwar nan tawa mai ciwo na jawo adaka.

Washegari na naɗe kundin a zane na bi ta makaranta. Malamar matashiya ce, 'yar Filato, da ɗan gicciye a wuya. Ta tashi ta ba ni kujera.

"Mama, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, 'yata. Dajin nan na kawo miki ki gani."

Ta fara juya shafi a tsaye. Kafin ta kai na biyar ta nemi benci ta zauna. Da ta iso kan coci mai rufin ciyawa ta daɗe ba ta juya ba, ta ce irin na ƙauyen kakarta ne sak. Sannan ta ɗago ta ce, "Mama, ki yafe mini. Haka aka koya mini, haka na koyar." Ta kama hannuna ta kai ni ajin. Yara suka kewaye tebur kai da kai, wanda ya raɗa sunan ma yana gaba yana tambaya ko har yanzu akwai aljanin dutsen. Jikata ta ɗora yatsa a kan yarinyar da ke cikin laka ta ce da ƙarfi, "Wannan mai kukan kakata ce."

Na zaci magana ta ƙare a nan. Ashe malamar ta gaya wa wani malaminta na tarihi a jami'ar da ke Gwagwalada. Bayan kwanaki ya zo har gida, Dakta suke ce masa, Bakano mai sanyin murya. Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa kundin. Na yi dariya a raina, kundin da ya sha hannun Baba da gawayi! Ya ce suna da ɗaki mai sanyi inda takarda ba ta ruɓewa, nan suke adana kayan tarihin yankin nan don kowa ya zo ya gani, kuma bai taɓa cin karo da ƙauye guda cur a kundi ɗaya ba. In na yarda za su kwafe kowane shafi su ba ni, su ajiye na asali. Sai ya fiddo littafi ya ce, "Hajiya, mu fara da sunaye."

Na fara da ƙarfina. Ga Kaka, ga Baba, ga mai unguwa, ga Gwaggo. Da muka zo hoton mata gaba ɗaya yatsana ya tsaya. Fuskoki ne da na sani kamar tafin hannuna. Na san wadda ke da miyar daɗi, na san wadda ta taɓa marina a rijiya, amma suna ya tafi. Na koma hoton maza, haka. Fiye da rabin garinmu suna kallona, ni kuwa na kasa kiransu. Kunya ta rufe ni har na ja mayafi. Dakta ya rufe littafinsa a hankali.

"Hajiya, ba laifi. Su wa suka rage da za su iya?"

Na ce, "Ban sani ba, amma zan nemo su. Kuma kundin nan ba zai bar hannuna ba sai kowa a cikinsa ya samu sunansa. Ba zan ba da mutanena su zauna a gilashi kamar baƙi ba."

Wata uku na yi ina yawo. Na fara da kasuwar Gudu, inda wata ƙawata ta yarinta ke sayar da daddawa, ita ta haɗa ni da wasu, wasun suka haɗa ni da wasu. Aka yi shela a coci biyu da masallaci. Akwai tsohon da na fi dogara da shi, wanda a da ya san sunan kowa har da na karnuka. Na sha mota biyu da keke na isa gidansa, na tarar ana sadakar bakwai ɗinsa. Daga ranar na daina cewa sai gwiwa ta yi sauƙi.

Wata Asabar da hantsi muka taru a wani babban ɗaki a Gwagwalada. Tsofaffi ne, wasu a kan sanda, wasu an riƙo su, mutanen da rabonmu da juna tun lokacin da muka watse. Gaisuwa kaɗai ta ci awa guda. Dakta ya sa majigi ya haska kwafin hotunan a bango, kowanne ya kai girman ƙofa, ɗalibansa na gefe da biro. Da Kaka ta bayyana da ƙwaryarta ɗakin ya ɗauki sowa. Daga nan sunaye suka fara zuba kamar ruwan Agusta. Wannan ya kira, wancan ya gyara, wata ta ce ƙarya ne, wannan ƙanwar ce ba yayar ba, a dubi tsagar. Ɗan mai unguwa, wanda shi ma yanzu furfura ta gama da shi, ya tashi ya yi ƙorafin cewa mahaifinsa hoto guda kawai ya samu, aka yi masa ca da dariya. Wani ya gane kansa yana tsirara a bayan rumbu, ya roƙi a wuce da sauri. Har kare da jaki sai da aka faɗi na wane ne. Kafin azahar kowace fuska ta samu mai ita, saura guda.

Hoton mata ne suna hawowa daga rafi. A can gefe akwai wata matashiya da tulu a kafaɗa da goyo a baya, ta juyo tana dariya. Wannan ya ce baƙuwa ce, wancan ya ce kamar ya santa. Sai wata tsohuwa da idonta ya yi rauni, wadda tun safe da kunne take bin taron, ta ce a kai ta kusa. Dakta ya kawo mata ainihin kundin da gilashin ƙara girma. Ta sunkuya har hancinta na neman taɓa takarda. Ta daɗe. Can ta ɗago.

"Ladi ce, matar ƙanena. Damina biyu kawai ta yi a garinmu. Shekarar ƙaura ta rasu." Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya. "Bulus! Ina Bulus? Shigo nan."

Wani magidanci ne ya shigo, mai ɗan tumbi, da makullin mota a hannu. Direba ne, shi ya kawo ta, tun safe yana waje a inuwa yana jiran a gama.

"Gwaggo, tafiya za mu yi?"

"Dubi bango. Uwarka ce."

Ya dubi bangon. Ya ce, "Gwaggo, kin ce ba ta da hoto."

"Ban san tana da shi ba."

Ya taka zuwa bangon, inuwarsa ta rufe hoton, mutane suka ce ya matsa gefe, ya matsa. Ya ɗaga kai yana kallon fuskar da ta ninka tasa girma. Makullin ya faɗi ƙasa bai ji ba. Ga wushiryarsa a bakinta, kowa a ɗakin ya gani. Can ya miƙa yatsa ya nuna ƙasan goyon.

"Wannan 'yar ƙafar da ta leƙo fa?"

"Taka ce."

Ban san wadda ta fara guɗa ba. Na dai ji ta tashi daga baya, wata ta karɓa, wata ta karɓa, har na ji tawa muryar a ciki, ni da na ɗauka maƙogwarona ya manta. Tsofaffin maza na buga sanda a ƙasa. Na ɗauki kundin da hannu biyu na miƙa wa Dakta na ce, "Sun cika. Karɓi."

Bulus kuwa ya lalubo wayarsa ya kira matarsa, hawaye na bin gemunsa, ya toshe kunne ɗaya saboda hayaniya.

"Ki rufe shagon. Ki kwaso yaran duka ku taho Gwagwalada yanzu." Ya saurara kaɗan, sai ya fashe da dariya cikin kuka. "A'a, ba wanda ya mutu. Mamata na gani. Ki kawo su su gaishe ta."